Hotunan da aka zare wa mutane waya daga hannu sun tsaya min a rai, amma anya suna gyara wani abu kuwa?

Maman_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga masu ido a harkar zane da hoto, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Shekaranjiya da daddare ina kwance ina latse-latsen waya na ci karo da wasu hotuna baƙi da fari na wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, sunansa Eric Pickersgill, a 2015 ya fitar da su ya sa musu suna Removed, wato an cire. Abin da yake yi shi ne ya sa mutane su riƙe wayarsu yadda suka saba, sai ya ce kowa ya tsaya a haka kar ya motsa kar ya ɗauke ido, ya zo a hankali ya zare wayar daga hannun mutum sannan ya ɗauki hoton. Ni da farko na ɗauka da kwamfuta ya goge wayoyin, ashe da hannu ya zare su. Sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai ya ƙura wa tafin hannunsa ido, yatsu a lanƙwashe kamar yana riƙe da wani abu alhali iska ce, fuskar nan kuma ba fara'a ba fushi, ta mutu kawai. Akwai na ango da amarya a kan mota kowa na kallon hannunsa, akwai kuma wanda shi da matarsa ne a kan gado sun ba juna baya.

To wannan na gadon shi ya kashe min jiki, domin wlh a daidai lokacin da nake kallonsa haka muke ni da maigidan, na ba shi baya ya ba ni baya, hasken wayarsa na haska bango ta can tawa na haska ta nan, ba faɗa muka yi ba fa, lafiya lau muke, amma tun da muka shigo ɗakin ban jin mun yi magana ta kai jimla uku ba. Na karanta cewa shi ma abin da ya tunzura shi wani iyali ne da ya gani a wurin shan kofi a jihar Niyok, uban da 'ya'yansa mata biyu kowa ya duƙufa a kan waya, uwar ta yi shiru tana kallon taga ita kaɗai a tsakiyar iyalinta.

Yanzu ga inda tambayar take. Na ji kunya sosai na kife wayar a kan filo, amma ko minti biyar ba a yi ba na ɗauka wai in tura wa ƙawata hotunan, daga nan na sa a sitatus na rubuta jama'a mu ji tsoron Allah mu rage danna waya, daga nan na koma ina leƙawa in ga mutum nawa suka gani, wa ya yi magana wa bai yi ba, sai da na duba agogo na ga ƙarfe ɗaya ta wuce. Wato hoton da aka yi don ya ja min kunne shi ya ƙara min awa biyu a kan wayar.

Shi ne nake tambaya, irin waɗannan ayyukan da masu fasaha ke yi a kan yadda waya da intanet suka canza mu, suna da wani amfani na gaske ko su ma wani abin kallo ne da wayar ta haɗiye? Kuma in akwai wasu irinsu da kuka sani ku ba ni labari, abin ya fara ba ni sha'awa.

Dan_Zane ya rubuta:

Wa alaikis salam Anti. Hhh wannan sitatus ɗin da kika sa kika koma kina leƙen wa ya gani ai duk mun yi shi, kar ki ga kamar ke kaɗai ce.

Ni zanen kwamfuta nake yi kuma na daɗe ina bibiyar mutanen nan, a ganina gida biyu suka kasu. Akwai masu nuna maka kanka ka ji kunya kamar wannan da kika gani, ita kuma kunyar ba ta kwana, akwai kuma masu sa hannu a cikin injin su kwance noti ɗaya su ce to yanzu shiga ka ji yadda za ka ji. Na biyun nan su na fi yarda da su.

Akwai wani Ben Grosser, malami ne a jami'ar Illinois a Amurka, a 2012 ya yi wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza mai suna Facebook Demetricator, aikinta ɗaya tal, ta ɓoye duk wata lamba da ke shafin. Inda aka saba rubuta mutum 16 sun yi laik sai ki ga mutane sun yi laik kawai, ba adadin abokai ba adadin kwament, fos ɗin na nan hoton na nan, lissafin ne kawai babu. Na taɓa gwada zama ba lamba na sati biyu, kwana ukun farko kamar wanda aka ƙwace wa agogo, in na ɗora zane sai in rasa me zan koma in duba, abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne na gano ashe ni ban san ko abu ya burge ni ba sai na ga mutum nawa ya burge, zan ga zanen wani in tsaya ina neman lambar kafin in yanke hukunci ko mai kyau ne. Kuma a da akwai zanen da zan kwana uku a kansa amma in awa ɗaya ta wuce bai kai laik ɗin da nake so ba sai in goge shi, ni da na zana da hannuna. Ba wanda ya yi min wa'azi Anti, lambar kawai aka cire na ga kaina. Daga baya Instagram da kansu suka fara gwajin ɓoye laik a Kanada a 2019, a 2021 suka ba kowa zaɓin ya ɓoye in yana so, ba zan ce saboda shi suka yi ba amma dai ya riga su da shekara 7.

Shi ɗin dai a 2021 ya buɗe wani dandali mai suna Minus, kowa fos 100 ake ba shi a duk tsawon rayuwarsa, in ka yi ɗaya saura 99, in suka ƙare shikenan ba ƙari, kuma lambar da kake gani ke nan, ta abin da ya rage maka. Ki yi tunani da a ce haka ko'ina yake, wannan sitatus ɗin naki na ƙarfe ɗayan dare za ki kashe ɗaya a kansa?

Dalilin da ya sa nake cewa a duba injin, abubuwan nan fa mutane ne suka zauna suka tsara su. Wannan jan allon da kike yi sama ba ya ƙarewa, a da in kin kai ƙarshen shafi sai kin danna na gaba, wannan 'yar tsayawar ce ke ba mutum damar ya ce ya isa haka, wani Aza Raskin ne ya fito da dabarar cire ta a 2006, kuma shi da bakinsa ya fito daga baya ya ce yana nadama.

Sai wanda ya fi ba ni dariya, Simon Weckert a Balin babban birnin Jamus, a farkon 2020 ya nuna bidiyon yadda ya zuba tsofaffin wayoyi 99 a wata 'yar jar kura, kowacce an kunna Google Maps, yana ja a hankali a kan titin da ba kowa. Ita taswirar da ma da motsin wayoyin mutane take gane cunkoso, da ta ga wayoyi 99 na tafiyar hawainiya a wuri ɗaya sai ta shafa wa titin ja wai goslo ne, titi fayau ba mota amma allon ya rantse a cike yake, har ta gaban ofishin Google ya bi. Tun da na ga wannan in taswira ta ce min kaza sai na ɗaga kai na duba da idona.

Gaskiya_Daci ya rubuta:

Ni fa ku yi min haƙuri, ban yarda da rabin abin nan ba.

Hajiya ki sake kallon hotunan nan da kyau, ai shiri ne, shi ya ce su tsaya, shi ya zare wayar, shi ya zaɓi baƙi da fari don abin ya yi kama da zaman makoki. Ki zare wa mai karatu littafinsa ki ɗauke shi hoto, ko mai ɗinki ki zare allurar ki bar shi a duƙe, wlh haka za ki ga ya yi sororo kamar mara lafiya. Kuma hoton ba ya gaya miki me mutumin yake kallo, wataƙila da mahaifiyarsa yake magana, wataƙila sakamakon gwajin asibiti yake karantawa, an cire abin da yake yi an bar mana wuyansa a karye sannan a ce ku ga yadda kuka lalace. Ni wannan ba adalci ba ne a wurina.

Tambayar da kika yi ko waya na haɗiye su, amsar eh ce, ga hujja. Wasu 'yan ƙasar Sin su biyu, Sun Yuan da Peng Yu, sun yi wani aiki a 2016 wa gidan baje kolin Guggenheim na Niyok, ƙaton hannun inji irin na masana'anta a cikin ɗakin gilashi, an sa masa abin shara a baki, wani jan ruwa mai kauri kamar jini yana malalowa ta ko'ina shi kuma yana ta janyo shi yana fantsama wa gilashin, ba ya taɓa gamawa. An sake nuna shi a birnin Venis na ƙasar Italiya a 2019. To daga baya bidiyonsa ya fashe a TikTok da wani labari wai ruwan nan man da yake rayuwa da shi ne yake tsiyaya, wai ya yi ta fama har ya gaji ya mutu, aka sa kiɗa mai taushi mutane suna ta kuka a kwament kowa na cewa wannan ni ne, wannan rayuwata ce. Alhali injin da lantarki yake aiki, ruwan kuma ruwa ne da aka sa wa kala da sinadarin kauri, bai mutu ba baje kolin ne ya ƙare aka kashe shi, kuma a yadda aka gabatar da aikin tun farko maganar tsaron iyakokin ƙasashe da sa ido a kan jama'a ake yi. Kin ga ni? Dandalin ya tauna aikin ya tofo abin da zai kawo masa masu kallo.

Ga kuma irin su teamLab, ƙungiyar masu fasaha ta Japan, da suka buɗe gidan baje kolinsu a Tokyo a 2018, ɗakuna cike da haske da furanni na yawo a bango, sama da mutum miliyan 2 suka shiga a shekara guda, ki nemi bidiyon wurin ki ƙirga hannu nawa ne a sama riƙe da waya, kusan kowa selfi ya je yi.

Sannan ita kanta maganar cewa waya ce ta lalata hankalin mutane a yi a hankali. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun duba bayanan matasa sama da dubu 350, suka ga alaƙar amfani da na'urorin nan da walwalar matashi akwai ta amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu ba, cin zali da samun isasshen barci duk sun fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Amma ai wannan ba ya yin hoto mai kyau, shi ya sa ba mai rataye shi a bango.

Maman_Biyu ta rubuta:

Kai Malam Gaskiya_Daci sunanka ya bi ka. Maganar littafi da allura ta shige ni gaskiya, sai dai ban taɓa ɗaukar allura da niyyar minti biyar na farga ƙarfe ɗayan dare ba, kuma allura ba ta taɓa yin ƙara a ƙarƙashin filo ta ce zo ki duba ni ba. Amma batun me mutumin yake kallo ɗin nan ka ba ni aiki, don ni ma ban san me maigidan yake kallo a daren ba, ban tambaya ba.

Baba_Malam ya rubuta:

'Yata Maman Biyu, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Ni tsoho ne, da yatsa ɗaya nake rubutu, ku yi haƙuri da ni.

Abu na farko da ya ba ni dariya ina karanta ku, kun lura da kalma ɗaya muke kiran abubuwan biyu? Mai zane mu ce mai fasaha, wayar ma mu ce fasahar zamani. To ashe rigimar ta cikin gida ce.

Kuma ba yau aka fara ba. Akwai wani mutumin Koriya, Nam June Paik, an haife shi 1932 ya rasu 2006, shi ake ɗauka uban masu yin fasaha da bidiyo. A 1974 ya ajiye gunkin Buddha a gaban wani ƙaramin talabijin, ya kafa kyamara tana ɗaukar gunkin tana nuna shi kai tsaye a allon, ga shi nan zaune yana kallon kansa ba dare ba rana. Shekara 33 ke nan kafin iPhone ta fito a 2007. Duk sanda na ga jikata ta ɗaga waya tana gyara fuska a allo sai aikin nan ya faɗo min a rai.

Amma wanda nake so in ba ki labari wani ne daban, domin yaran nan duk sun kawo miki masu nuna aibi. Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen Meziko mazaunin Kanada, a 2006 ya yi wani ɗaki mai suna Pulse Room, ɗaki ne mai duhu an rataye ƙwayayen fitila ɗari zuwa ɗari uku a rufinsa. A gefe akwai wasu ƙarafa biyu da za ka kama da hannu, na'ura ta ji bugun zuciyarka, sai ƙwan da ya fi kusa da kai ya fara walƙiya daidai da bugun. In ka saki wani ya zo ya kama, naka sai ya matsa zuwa ƙwai na gaba, haka za a yi ta tura shi har ya kai ƙarshen layi ya fita. Wato duk hasken da ke ƙyaftawa a samanka zuciyar wani ce da ya shigo kafin kai, ya tafi gida amma bugunsa na nan tukuna. Ya ce tunanin ya zo masa ne lokacin da matarsa ke da cikin tagwaye, ya saurari zukatansu biyu suna bugawa kowacce da nata sautin.

Ban taɓa shiga ɗakin ba, a bidiyo na gani, a wayar nan da ake zagi. Amma na gane shi sarai, domin uwargidana Allah ya ji ƙanta shekara uku ke nan da rasuwa, kuma akwai saƙon muryarta guda ɗaya a wayata, daƙiƙa 11 ne, ba wata magana ba ce, cewa take in na taso kar in manta da maganinta, a ƙarshe ta yi ɗan tari ta kira sunan autarmu kafin ta katse. Sau biyu na canza waya, kowane karo sai na tsaya a kan yaron da ke kwashe min kaya na ce in ka ɓatar da wannan ba ni ba kai. In wani mai hoto ya zo ya zare wayar daga hannuna a lokacin da nake saurare zai samu tsoho ya ƙura wa tafin hannunsa ido, ya rataye a bango a ce ga wani ma waya ta cinye. A nan ina tare da kai ɗana Gaskiya_Daci. Inda na rabu da kai, na koyar shekaru masu yawa, kuma na san in aka haɗa yara dubu aka fitar da matsakaici, yaro ɗayan nan da abin ke ci a ƙarshen aji ba ya fitowa a lissafin. Ai ba banza babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi a kan soshiyal midiya da yara a 2023 ba, ga Ostireliya a 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba wannan zance ne na wata rana.

Ummi_Lissafi ta rubuta:

Allah ya ji ƙan Mama, Baba wlh ka sa ni hawaye.

Anti ni abin da zan ƙara, duk ana ta maganar yadda muke kallon waya an manta ita ma fa kallonmu take yi tana sa mana suna. A 2019 Trevor Paglen da Kate Crawford suka saki wani shafi mai suna ImageNet Roulette, ka ɗora hotonka na'ura ta gaya maka wane irin mutum ne kai. Ba su ne suka ƙirƙiri sunayen ba, daga ImageNet suka ɗauko, wani rumbun hotuna sama da miliyan 14 da aka daɗe ana koyar da kwamfuta gani da shi, wanda mutane ne aka biya 'yan canji suka zauna suna liƙa wa kowane hoto suna. Jama'a suka ɗauka wasa ne aka yi ta ɗorawa ana dariya, sai ga shi wani an kira shi mai laifi, wata an kira ta da sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba, baƙar fata kuma sun fi kowa shan kashi. A daidai lokacin masu rumbun suka sanar za su cire hotunan mutane kusan dubu 600, duk da sun ce da ma sun riga sun fara aikin gyaran. To Malam Gaskiya_Daci ga ɗaya da ya yaɗu a soshiyal midiya kuma bai tashi a banza ba, yaɗuwar ma ita ce aikin.

Akwai kuma Hasan Elahi, haifaffen Bangaladesh ɗan Amurka, a 2002 aka tsare shi a filin jirgin Detroit bisa wani rahoton ƙarya, hukumar FBI ta yi wata shida tana masa tambayoyi har da na'urar gano ƙarya sau 9. Da aka wanke shi sai ya ce tunda kuna son sanin inda nake bari in hutar da ku, ya buɗe shafi yana nuna inda yake a kowane lokaci, yana ɗora hoton gadon da ya kwana, filin jirgin da ya sauka, har banɗakin da ya shiga, dubun dubatar hotuna. A lokacin mutane gani suke abin nasa ya yi yawa, yau kuma duk abin da muke yi ke nan kullum ba wanda ya tsare mu.

Wadda ta fi taɓa ni a matsayina na mace ita ce Amalia Ulman 'yar Ajantina, a 2014 ta yi kusan wata biyar a Instagram tana wasan wata rayuwa da ba tata ba, ta fara a 'yar gayu, ta koma mai harka da masu kuɗi har da ƙaryar an yi mata tiyatar gyaran jiki, ta nuna kamar ta samu matsalar ƙwaƙwalwa tana kuka, sannan ta tuba ta koma motsa jiki da neman natsuwa. Mabiya kusan dubu 90 suka taru, masu zagi na zagi masu tausayi na tausayi, a ƙarshe ta ce duk shiri ne. Mutane suka fusata wai ta yaudare su, ni kuwa na ce to mu da muke sa filta fa? Akwai lokacin da na yi kusan shekara ban ɗora hoto ba filta ba, har ranar da aka ɗauke mu hoton katin shaida na karɓa na ce wa mai hoton kyamararsa ta ɓata min hanci, ya ce 'yar uwa ai hancinki ne. Na yi dariya a wurin amma da na koma gida na daɗe a gaban madubi.

Gaskiya_Daci ya rubuta:

Na ImageNet ɗin na sallama Malama Ummi, wannan kam ya yi aiki. Sauran ina nan a kan bakata. Baba Allah ya gafarta mata ya sa ta huta.

Maman_Biyu ta rubuta:

Amin amin. Na gode muku duka, bari in ba ku rahoton abin da na aikata jiya.

Bayan an idar da isha'i na samu maigidan da yaran biyu a falo kowa da tasa, na ce kar wanda ya motsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zarewa. Maigidan ya ce wannan kuma wane sabon salo ne, na ce kai dai riƙe hannunka yadda yake. Hoton farko bai yi ba don duk dariya suke, na biyu ma haka, a na uku ne suka natsu, kuma abin da na gani da idona wanda hoton bai kama ba, babban yatsan yaron nan bai daina motsi ba, yana ta shafa tafin hannunsa sama sama ba komai a ciki, shi bai ma san yana yi ba sai da ƙanwarsa ta nuna masa.

Sai na bi shawarar Malam Gaskiya_Daci na ce kafin in mayar wa kowa tasa sai ya gaya min me yake kallo. Maigidan ashe da ƙaninsa yake magana a kan jikin mahaifinsu, kwana biyu ke nan abin na damunsa bai gaya min ba wai kar ya tayar min da hankali, har da daren da na ba shi baya ina sa sitatus ɗin wa'azi. Yaron bidiyon gyaran giyar keke yake kallo. Ita kuma 'yar tawa mai shekara 14 ta yi ta noƙe-noƙe, da ƙyar ta ce hoton da ta ɗora da yamma take gogewa, na ce saboda me, hoton da ni na ɗauke ki kuma kin yi kyau, ta ce mutum 4 ne kawai suka yi laik na ƙawarta kuma ya wuce 60. Dan_Zane sai na ji kamar kai ne kake magana.

Ban ɗora hoton ko'ina ba, duk da wlh hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Muna cikin haka yarinyar ta ce Mama to ke da me kika ɗauke mu, ke wa zai zare taki? Babanta ya miƙo hannu ya zare ya sa a aljihu, bai ba ni ba sai da safe, shi ya sa kuka ji ni shiru.

Dan_Zane dan Allah a ina ake shiga a Instagram ɗin a ɓoye laik, kuma in an ɓoye nata lambar kawai yake rufewa ko har ta ƙawayen ba za ta gani ba? Ta ce ta yarda a gwada na sati ɗaya amma da sharaɗin nima in ɓoye nawa.